Azumin Wanda Aka Ƙone wa Rumbu: Lent a Bakin Dajin Birnin Gwari

Kwana arba'in da shida kafin bikin Ista, Kiristoci mabiya Katolika da Angilikan da Lutheran da Methodist sukan shiga lokacin tuba da azumi da ake kira Lent. Ranar farko ita ce Larabar Toka, wadda ake shafa wa masu ibada toka a goshi don tuna musu cewa ɗan Adam mai mutuwa ne. Idan aka cire Lahadi shida da ba a azumi a cikinsu, sai a sami kwana arba'in cif, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi yana azumi a jeji. A 2025 Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris, kwana huɗu bayan Musulmin Najeriya sun ɗauki azumin Ramadan, a 2026 kuwa azumin biyu sun kama a mako guda na watan Fabrairu. Saboda haka a garuruwan Arewa da yawa, maƙwabta biyu masu addini daban sun yi ta hana cikinsu abinci a lokaci ɗaya.

Tambayar da ta cancanci a yi ita ce: da wane irin littafi, da wace irin jagora, Kirista mai jin Hausa da ke zaune a bakin dajin Birnin Gwari zai shiga wannan lokaci? Yawancin abin da ake bugawa ko ake yaɗawa a waya game da Lent an tsara shi ne don mai wadata, mai karatun Turanci, mai zaman lafiya. Ga wanda ya rasa waɗannan uku, akwai buƙatar a sake tsara kayan ibadar tun daga tushe, kuma nauyin yin hakan yana wuyan 'yan bokon birni.

Inda ake magana

Kakangi mazaɓa ce a yammacin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, maƙwabciyar Randagi, a yankin da jihar Kaduna ta yi iyaka da Neja. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru, kuma sunan Kakangi ya sha fitowa a labaran hare-hare da satar mutane. Mafi rinjayen mutanen masarautar Musulmi ne, su ne kuma suka fi ɗanɗana wannan azaba saboda yawansu. Amma a tsawon hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari, akwai ƙauyukan Gbagyi da wasu ƙabilu masu majami'u, akwai kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa Kiristoci da suka zo daga wasu wurare. A yawancin majami'un karkarar, Hausa ce harshen wa'azi da waƙa.

Lokacin Lent ya sha haɗuwa da baƙin labari a jihar Kaduna. A ranar 8 ga Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Michael Nnadi, ɗan shekara 18. Makonni kaɗan bayan haka, bishop-bishop na Katolika suka nemi mabiyansu a faɗin ƙasar su sa baƙaƙen kaya ranar Larabar Toka, 26 ga Fabrairu, don nuna alhinin kashe-kashen da ake yi. A 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga ranar 7 ga Maris, ana tsakiyar Lent, Ramadan kuma na ƙofa. Labarin kuɓutar 137 daga hannun masu garkuwa ya zo ranar 24 ga Maris, wadda ta dace da Lahadin Dabino. A 2025 aka sace Fada Sylvester Okechukwu na dayosis ɗin Kafanchan, aka tsinci gawarsa a ranar Larabar Toka ita kanta. Mutanen da suka rayu cikin irin waɗannan kwanaki ba sa buƙatar a koya musu cewa rai ba shi da tabbas. Sun ga toka inda dā rumbu yake tsaye.

Ginshiƙai uku da yadda suke canzawa

Al'adar Kirista ta ɗora Lent a kan abu uku da aka jero a sura ta shida ta Linjilar Matiyu: sadaka, addu'a da azumi, kowannensu da gargaɗin a guji riya. Dokar Katolika ta yau mai sauƙi ce idan aka gwada ta da azumin Ramadan ko da na Kiristocin Habasha, waɗanda kan yi kwana 55 ba nama ba madara ba ƙwai. Abin da ta wajabta shi ne rage abinci zuwa babban ci ɗaya a Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu, ga wanda ya kai shekara 18 bai shiga ta sittin ba, da barin nama a ranakun Juma'a ga wanda ya kai 14. Marar lafiya ba ya ciki.

Littattafan jagora da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan ƙara da shawarar a bar wani abin marmari: alewa, ko shayi, ko kallon talabijin, ko Facebook. Wannan shawara tana da ma'ana ga ma'aikacin banki a Barnawa. Ga iyalin da suka bar gonarsu ba shuka har damina uku, suka sayar da shanun huɗa da babur don fanso ɗansu, umarnin barin nama ran Juma'a kusan ba'a ne, domin naman ya riga ya bar su. Lent yana zuwa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, ƙarshen rani da zafin bazara, lokacin da ko a shekarar albarka hatsi ya fara ja baya a rumbu.

Cocin da kanta ta san da wannan bambanci. A takardar da Fafaroma Paul na Shida ya fitar a watan Fabrairun 1966 kan sha'anin tuba, ya raba nauyin gida biyu: inda ake da wadata, a ƙara tsananta wa kai da kamewa, a kuma kai abin da aka tara ga matalauta, inda ake cikin ƙunci, mutane su miƙa wahalarsu ga Allah cikin addu'a, tare da ci gaba da neman adalci ta kowace halattacciyar hanya. Ya kuma bai wa tarukan bishop-bishop na kowace ƙasa ikon musanya wasu ƙa'idoji da ayyukan jinƙai. Annabi Ishaya ya riga kowa faɗin haka a sura ta 58, inda ya bayyana cewa azumin da Allah ke so ya ƙunshi sakin wanda aka danne da ciyar da mayunwaci da ba marar gida masauki.

Idan aka bi wannan, azumin ciki ya fi hawa kan Kiristan Kaduna da Zariya da Abuja mai albashi. Abin da ya rage a tukunyarsa cikin kwana arba'in ba ajiya ba ce da zai kashe a bikin Ista. Hakkin wani ne. Hanyar kai shi kuwa tana nan, tun daga ofishin adalci da raya al'umma da dayosis-dayosis na Katolika ke da shi har zuwa Zumuntar Mata, wadda babu ƙungiyar da ta kai ta sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Kuma sadakar da ta tsaya a bakin ƙofar coci ta gaza, domin a garin da 'yan gudun hijira suka taru, yunwa ba ta tambayar sunan kowa. Bazawarar Kakangi da ke azumin Ramadan ba sahur tana da rabo a cikin abin da mai azumin Lent ya tara.

Wani zai ce sassauta wa talaka azumi tauye masa daraja ne, kamar an ce ibada ta mai kuɗi ce. Wannan magana tana da nauyi, domin sau da yawa tsofaffin matan ƙauye sun fi kowa riƙe azumi, ba kuma za su yarda a cire su ba. Babu mai ikon hana su. Abin da ake nema daga mai wa'azi shi ne kada ya ɗora wa mai shayarwa ko majinyaci ko yaron da ke fama da tamowa laifin da dokar cocinsa ba ta ɗora masa ba, kuma ya faɗa musu a sarari cewa haƙurin da suke yi, da raba ɗan abin da ke hannunsu da baƙo, ibada ce cikakkiya.

Addu'ar da ba ta jiran dare ko fada

Shahararriyar ibadar Lent ita ce Hanyar Gicciye, inda ake tsayawa a matsayi goma sha huɗu ana tuna tafiyar Almasihu daga wurin hukunci zuwa kabari. Fafaroma Clement na Goma Sha Biyu ne ya tsayar da adadin a 1731. A birane ana yin ta ne da yammacin Juma'a bayan an tashi daga aiki, babbar ibadar jajibirin Ista kuwa ta dare ce. A inda tafiya bayan la'asar take iya zama ajali, dole a sake lissafi. Hanyar Gicciye ba ta buƙatar fada, ba ta buƙatar gini. Katekis ko dattijuwa za su iya jagorantar ta da hantsi a ƙarƙashin inuwa, da ƙananan gicciye na kara ko na itace. Larabar Toka ba ta cikin ranakun da halartar coci ya zama farilla, kuma an yarda wanda ba limami ba ya shafa wa jama'a tokar da aka riga aka sa wa albarka. Tun 1988 fadar Vatican ta fitar da ƙa'idar yadda za a yi ibadar Lahadi inda babu fada, a 2021 kuma Fafaroma Francis ya mayar da aikin katekis muƙami tabbatacce a cikin coci. Izini yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horo, da ɗan littafi na Hausa da katekis zai sa a aljihu.

Tarihin Japan yana da darasi a nan. Daga 1614 aka haramta addinin Kirista a ƙasar, aka kori limamai, har fiye da shekara ɗari biyu ƙauyukan yankin Nagasaki ba su ga fada ba. Duk da haka sun naɗa a tsakaninsu mai riƙe kalandar ibada da mai yin baftisma. Da wasu daga cikinsu suka bayyana kansu ga wani fada Bafaranshe a cocin Oura a watan Maris na 1865, sun san cewa ana cikin lokacin tunawa da wahalar Almasihu. Abin da ya raya su shi ne ilimin da aka danƙa wa talakawa, aka haddace, aka gadar wa 'ya'ya.

Kayan da ake da su da wanda ya ɓace

Hausa ba ta rasa littattafan Kirista ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, an kuma sake fassara shi kusan rabin ƙarni bayan haka. Akwai fassarar zamani mai suna Sabon Rai Don Kowa. Akwai littafin waƙoƙi da kusan kowace majami'ar Arewa ke amfani da shi. Tun shekarun 1960 ɗakin shirye-shiryen Muryar Bishara da ke Jos yake haɗa shirye-shiryen rediyo da Hausa. Cocin St Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina da ƙasa a kan tsarin ginin Hausa a 1929, shaida ce cewa tun farko an gane ibada tana iya sa rigar ƙasar da ta sauka.

Gibin yana wajen jagorar kwana-kwana ta Lent da aka rubuta da Hausa tun asali, da idon wanda ke gudun hijira. Sabbin kayan da ke fitowa yawanci manhajojin waya ne masu buƙatar intanet da Turanci. Wanda ya tuna cewa a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, har kusan wata biyu, ya san ibadar da ta rataya a kan sabis tana iya yankewa da umarni guda. Abin da zai yi aiki ya fi kama da wannan: ƙaramin littafi na shafi arba'in, kowace rana aya ɗaya da gajeren bayani da addu'a, a karanta shi a ɗauki murya, a sa a katin waya ko a tura daga waya zuwa waya ba tare da data ba, a yi wani bugun da ajami saboda waɗanda suka fi sabawa da shi, a ba gidajen rediyo minti biyar kowace safiya. Karatun kuma a zaɓo shi daga inda Littafi Mai Tsarki yake magana da muryar wanda aka zalunta: zaburorin kuka, littafin Makoki da aka rubuta kan garin da aka rushe, da labarin Yusufu da aka sayar. Mutumin da aka kashe wa ɗa yana da 'yancin ya kai ƙararsa gaban Allah kafin a ce masa ya yi murmushi.

Gaskiya ne cewa manyan ikilisiyoyin Arewa da dama, irin su ECWA da ta samo asali daga mishan ɗin SIM, da Baptist, da cocin zamani na Pentikostal, ba su ɗauki Lent a matsayin ƙa'ida ba. Da yawansu sukan yi nasu azumin a farkon shekara. Ba a neman su canza aƙida. Amma duk suna bikin Ista, duk suna karanta labarin gicciye a mako guda, kuma a ƙauyen da aka kona coci biyu a dare ɗaya, gardamar kalanda ba ta da kasuwa. Littafin da aka gina a kan nassi zalla zai shiga hannun kowa.

Kalmar tuba a bakin gwamnati

Akwai dalili mafi girma da ya sa Lent ya shafi kowa a Birnin Gwari, Musulmi da Kirista. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya karɓi wasu 'yan bindiga da aka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Daga nan kalmar "tubabbu" ta shiga bakin jami'ai da 'yan jarida. Duk wanda ya ga motoci sun koma hanya da manoma sun koma gona ba zai rena sulhu ba. Sai dai tuba kalma ce ta addini, tana da sharuɗɗa, kuma Lent shi ne lokacin da coci ke koyar da su.

Asalin tokar ma daga nan yake. A ƙarnonin farko, wanda ya aikata babban laifi kamar kisa yakan shiga sahun masu tuba a farkon Lent, a zuba masa toka, ya yi makonni a keɓe, sannan a karɓe shi a gaban jama'a ranar Alhamis ta makon ƙarshe. Sai a 1091 Fafaroma Urban na Biyu ya ba da shawarar kowa ya karɓi toka. Mai mulki ma bai kuɓuta ba: bayan kisan gillar da sojojin Sarki Theodosius suka yi a Tasalonika a shekara ta 390, Bishop Ambrose na Milan ya hana shi jibin Ubangiji har sai da ya tuba a bainar jama'a. Koyarwar Katolika ta lissafa abu uku a kan mai tuba: nadama, furta laifi, da gyara ɓarnar da ya yi, ciki har da mayar da abin da ya ƙwace. Linjilar Luka ta kawo Zakka mai karɓar haraji, wanda ya yi alkawarin biyan duk wanda ya cuta ninki huɗu. Malaman Musulunci ma sun sa mayar da hakkin mutane cikin sharuɗɗan tuba, suka ce hakkin bawa ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe. A wannan gaɓar addinan biyu bakinsu ɗaya.

Saboda haka jagorar Lent da aka rubuta don wannan yanki tilas ta yi maganar yafiya da gaskiya. Kirista an umarce shi ya yafe, ya bar ramuwa, ya yi wa maƙiyinsa addu'a, kuma wannan umarni ba ya jiran sai mai laifi ya cancanta. Amma yafewar zuci daban, sulhun jama'a daban. Sulhu yana buƙatar a saki waɗanda ke tsare, a faɗi inda aka binne waɗanda suka mutu, a bar manomi ya girbe gonarsa ba tare da biyan harajin daji ba, a kuma saurari wanda aka zalunta kafin a rufe littafi. Mai wa'azin da ya matsa wa gwauruwa ta yafe cikin gaggawa, bai kuma ce uffan ga mai bindiga da mai mulki ba, ya ɗora kayan a kan wanda ya fi kowa rauni. Binciken kai na Lent kuma ya haɗa da mutanen gari: mai kai wa daji labari, mai sayar musu da mai da burodi, mai sayen shanun da ya san na sata ne, da wanda ya yi wa Bafulatanin da ba ruwansa kuɗin goro saboda laifin wani. Idan bera da sata, daddawa ma da wari.

Aikin da ya rage

Rubuta shafi arba'in da Hausa mai kyau ba ya buƙatar tallafin ƙasar waje. Yana buƙatar malamin tauhidi ɗaya, da gwanin harshe, da katekis ko fasto da ya zauna da 'yan gudun hijira, da mata biyu ko uku daga Zumunta da za su ce wannan jimla ba haka ake faɗinta a ƙauye ba. Makarantun tauhidi na Kaduna da Zariya da Jos suna da irin waɗannan mutane, ma'aikatan birni kuma suna da kuɗin bugawa. Ranar Larabar Toka sananniya ce shekaru kafin ta zo, don haka wanda ya fara aikin da kaka zai iya kai littafin da katin murya ƙauye kafin a shafa toka ta gaba. Mutanen bakin dajin sun riga sun san jejin da Linjila ke magana a kai. Abin da ya kamata a kai musu shi ne kalmomin addu'a cikin harshensu, da hatsin da zai kai su damina.